Rairayin da Inna Ta Shimfiɗa wa Jirgi

Uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta yarda baƙo ya zauna a kan ƙasar jiya. Wanda ya san Gure zai ce wannan ba wani abu ba ne, tunda garin rairayi ne, ko ƙofa ka buɗe shi ke fara shigowa. To ita ba kowane rairayi take so ba. Akwai wani tudu bayan lambunan dabino, can take aikawa a ɗebo mata fari tas, ta tankaɗe shi da rariya, ta fitar da ƙaya da kashin awaki, sannan ta shimfiɗa a tsakar gida ta bi shi da tsintsiya. Suna ne, biki ne, ko wani tsoho ne ya zo gaisuwa daga ƙauye, sai an yi wannan. Ni daga Bune aka kawo ni, a shekarun nan da Faransawa suka zauna daram kafin babban yaƙinsu na biyu, kuma faɗanmu na farko da ita a kan rairayi ne. Na ɗebo na bakin ƙofa don in huta da tafiya, ta duba ta ce, "Yarinya, a gidanku da wannan ake tarbar mutane?" Na ce a gidanmu da abinci ake tarbarsu. Ta yi kwanaki ba ta kula ni ba, daga baya kuma na ji tana ba maƙwabta labarin tana dariya, wai an kawo mata mai baki.

Mijina shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Yana tsugune a gabanta za ta juyo ta ce da ni, "Ki ce wa maigidanki dangar baya ta kwanta." Shi ma ni zai ba amsa. Da farko abin yana ba ni haushi, na zama ƴar aike tsakanin mutum biyu da ke inuwa ɗaya, amma a hankali na saba.

Ya taɓa yin aikin soja, ya dawo da ɗan guntun Faransanci da ciwon gwiwa, shi ya sa aikin fako ya faɗo kansa. Gabas da gari akwai wani fako mai tsawo, ƙasa ce mai tauri da ɓurɓushin kanwa, ko ciyawa ba ta fitowa. Kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya sa an tara mutane aikin tilas, aka sare ƙayoyin gefe, aka jera fararen duwatsu, aka ce nan jirgin sama zai riƙa sauka. Abiyo muke ce masa a lokacin. Aikin maigida shi ne ya kore awaki, ya cike ramukan kurege, ranar da jirgi ya zo kuma ya hura wuta ya zuba ɗanyen ganye don matuƙi ya ga inda iska ta nufa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, babu abiyo babu dalilinsa. Ƴan kasuwa suka laƙaba masa mai kiwon fako, suna tambayarsa ko fakon ya haihu. Shi dariya yake yi. Inna ce abin ke ci, amma ba ta da bakin faɗa, sai dai ta huce a kan turmi.

Wata safiya cikin kaka, ana tsakiyar sussuka, wani soja mai jar hula ya yi sallama. Ya ce an bugo waya, abiyo zai taso daga Yamai ya ɗauki matar kumandan, wadda zazzaɓi ya kwantar har an fara fid da rai, ya kai ta wurin likita a Damagaram. Motar da ta ɗauko isansin jirgin, wato man da yake sha, ta kafe a hanyar Gidigir, saboda haka maigida ya tashi yanzu da raƙuma ya ɗauko gangunan. Ya sa takalmi ya fita, ko fura bai tsaya sha ba.

Ƙurar raƙuman ba ta kwanta ba Inna ta yafa zane ta ce in raka ta. Ba ta taɓa zuwa fakon ba, don kada a ce ta je ganin wurin aikin ɗanta. Muka isa, ta tsaya tana dubawa, ta buga ƙasar da diddige.

"Nan zai sauka?"

"Nan, Inna."

"Abin da ya taso tun daga Yamai, ya gaji, a nan za a ce ya dira? Ko kaza ce ta dira nan sai ta ji a ƙafa." Ta yi tsaki. "Duk tsawon lokacin nan maigidanki yana zuwa nan kullum, bai ga wurin babu shimfiɗa ba. Namiji ke nan. Baƙon gidanmu ne fa, yarinya. Idan aka yi abin kunya, gidanmu za a nuna."

Wallahi maganar ta shige ni. Ni ma na gaji da jin mai kiwon fako, ina so gari ya taru ya ga aikin mijina ya yi kyau.

Gida gida ta bi. Babu macen da za ta ce wa Inna a'a a unguwarmu, don babu wadda ba ta yi wa wankan jego ba ko ta zauna mata zaman makoki. Mata suka bar sussuka, aka aro jakuna da mangaloli, masu masaki suka ɗauko, muka kama jida daga tudun nan nata. Tsofaffi suna tankaɗe a gefe, mu muna zubawa, Inna tana gaba da tsintsiya tana faɗa. Ba mu iya rufe fakon duka ba, tsawonsa ya fi ƙarfinmu. Sai ta zaɓi tsakiya, ta ce baƙo mai hankali a tsakar gida yake tsayawa. Muka rufe daga wannan jerin duwatsu zuwa wancan, faɗin ya wuce jifan ƙato, zurfin kuwa sai ƙafa ta nutse har idon sawu. Mutanen bariki duk hankalinsu yana kan mara lafiya, ba wanda ya leƙo. Soja ɗaya ne ya bi ta wurin a kan doki, ya ce sannunku da aiki, ya roƙi ruwa ya sha ya wuce. Na tsufa yanzu, na ga masallatai da gidajen manya, ban ga shimfiɗa mai kyan wannan ba.

Ranar da jirgin ya zo, da hantsi, gari duka ya fito. Mun fara jin gurnaninsa daga yamma ke nan sai ga maigida da raƙumansa, fuska duk ƙura. Ya hango farin rairayin, ya saki akala, ya tsaya. Ya dubo ni, ni kuwa baki har kunne, na nuna masa Inna da haɓa. Ya ruga da gwiwar nan tasa ya hura wutar, sannan ya tuɓe riga ya shiga tsakiyar fili yana kaɗa ta sama yana ihu da Faransanci. Mu duk mun ɗauka maraba yake yi, har wasu mata suka rangaɗa guɗa.

Daga sama, aka ce, matuƙin ya ɗauka kanwa ce ta yi fari. Jirgin ya zagaya, ya sauko, ƙafafunsa na roba suka taɓa ƙasa, ya taho da gudu lafiya lau. Yana shiga rairayinmu sai ƙafafun suka nutse, ya yi turus, wutsiyarsa ta ɗaga sama har muka ga cikinsa. Ya tsaya haka a kan hanci, kamar yana shawarar kifewa, sannan wutsiyar ta koma ta bugi ƙasa. Guɗa ta mutu a bakin masu yi. Mutum biyu suka fito, dogo shi ne matuƙi, gajere mai jan wuya shi ne mai gyara. Dogon ya durƙusa ya damƙi rairayin, ya watsa shi, ya shiga zuba magana. Ban san Faransanci ba, amma zagi ba ya buƙatar tafinta.

Kumandan ya iso, idonsa ja wur, da gani ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya yi tambaya, tafintansa, wani mutumin Damagaram mai sanyin murya, ya juya mana: wa ya zuba wannan? Na ga Inna ta gyara zane ta ɗaga ƙafa. Kafin ta sauke ta maigida ya ƙame irin ta soja ya ce, "Ni ne." Aka sake tambaya, ya sake cewa shi ne. Sojoji biyu suka kama shi suka yi gidan kaso da shi, ko rigarsa ba su bari ya ɗauka ba. Inna ta bi tafintan tana cewa, "Ɗan nan, saurara," ya juyo ya ce a hankali, "Iya, ku yi shiru, in kun yi magana ku biyu za a rufe, kuma ba za a sake shi ba. Ku roƙi Allah matar nan kada ta cika kafin abin nan ya tashi. In ta cika a nan, da sarƙa za a fitar da shi daga ƙasar nan, kuma inda ake kai su ba a cika dawowa ba."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini. Na ɗauki rigar mijina daga ƙasa, na kakkaɓe, na ce, "To Inna, ga baƙonku nan ya sauka. Sai ku kai masa ruwa." A gaban mata na faɗa. Ta juya ta nufi gida.

Ashe ruwan za ta kai. Bayan azahar ta fito da faifai cike da dabino da ƙwaryar fura, ta ce, "Ɗauki ƙwaryar." Na ɗauka ina cika ina batsewa. An riga an jawo jirgin baya da igiyoyi zuwa kan tauri, mai gyaran yana zaune a inuwar fiffike da tafinta, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Inna ta tsuguna nesa kaɗan, ta tura faifan gabansa, ta ce wa tafinta, "Tambaye shi. Tsuntsu daga inda yake tsaye yake tashi. Ga nasu an fitar da shi daga rairayin, ba abin da ya karye. Me ya hana shi tashi?"

Na ɗauka mai gyaran zai kore mu. Sai ya dube ta, ya dubi dabinon, ya ci ɗaya. Ya juye sauran cikin hularsa, ya ɗauki faifan ya miƙe. Ya riƙe shi a kwance, ya sake shi, faifai ya faɗi. Tafinta ya ce, "Ya ce wannan nauyi ne, kullum ƙasa yake ja, jirgi ma haka." Ya sake ɗauka, ya ɗan ɗaga bakinsa na gaba, ya riƙe da hannu biyu ya sheƙa da gudu, gajeren Nasara da faifai, har masu kallo daga nesa suka fashe da dariya. Ya dawo yana haki, ya miƙo mini, ya nuna fili.

"Ni? Matar aure, in yi gudu a gaban gari?"

"Yi," in ji Inna.

Na ɗaure zane na riƙe faifan yadda ya nuna, na ruga. Ban yi nisa ba na ji yana neman ƙwacewa ya yi sama, kamar wani ya sa hannu ta ƙasa yana turawa. Na ƙara gudu, turawar ta ƙaru. Na tsaya, ta ɓace. Tun ina ƙarama nake shiƙa da faifai, na san iska tana wasa da shi, amma ban taɓa tunanin gudu na iya kawo iska inda babu ba. Na dawo na gaya wa Inna abin da na ji, na manta ma ina fushi da ita.

Mai gyaran ya buga fiffiken jirgin da tafi. Tafinta ya ce waɗannan fayafai ne manya, jirgi ba ya kaɗa su irin na tsuntsu, a kafe suke, sai an ja shi da gudu iska ta bi ta samansu da ƙasansu sannan su ɗauke shi. Abin da ke jansa kuwa shi ne dogon katakon nan da ke hancinsa. Mai gyaran ya kai mu wurin, ya sa Inna ta shafa. Katakon a murɗe yake, kowane gefe a karkace. Ya ce in inji ya juya shi, sai ya riƙa yankar iska yana watsa ta baya, jirgin kuma ya yi gaba. Amma iskar da yake kutsawa tana tare shi a ƙirji, nauyi yana jansa ƙasa, dole gudun ya fi ƙarfinsu. Yanzu ga rairayi ya zo ya riƙe ƙafa a daidai inda gudun ya kamata ya kankama. Rabin fako bai ishe shi ba, duka yake so.

Inna ta ce, "Ungulu ke nan in ta ƙoshi a mahauta. Ita ma sai ta yi gudu."

Tafinta ya juya masa, mutumin ya yi dariya yana gyaɗa kai.

"In gudun bai isa ba fa?"

Mai gyaran ya nuna goribar da ke ƙarshen fakon ta gabas, ya haɗa tafukansa da ƙarfi. Wannan tafinta bai fassara ba.

"In an kwashe, zai tashi?"

"Ya ce in an kwashe har ƙasa ta fito da taurinta. Kuma da safe, don iskar safe ta fi ta rana kauri, ta fi ɗaukar kaya."

A lokacin har an tara maza daga gari da hauya da fartanya, sun fara. Mai gyaran ya hango su ya ruga yana kururuwa. Hauya tana kwashe rairayin, amma tana fasa ɓawon fakon, ƙarƙashinsa kuwa ƙasa ce mai laushi, gara rairayin da ita. Aka tsayar da su, suka yi cirko-cirko da kayan aikinsu, ba wanda ya san abin yi. Inna ta karɓi faifanta, ta wuce ta tsakiyarsu, ta durƙusa a bakin shimfiɗar, ta fara tara rairayin da gefen hannu tana zubawa a ciki. Ba ta kira kowa ba. Matan da suka zuba da ita suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya da ƙore da tsintsiya. Maza suka ajiye hauya suka koma ɗaukar mangaloli suna zubarwa bayan duwatsu.

Zubawa da waƙa muka yi, kwashewa kuwa ba mai ko tari. Na sama ba shi da wuya. Na ƙasa ne masifa, wanda ya shiga tsagar fako ya haɗu da kanwa. Tsintsiya ta cinye ta koma kututture, Inna ta jefar ta ɗauki sakaina, sakaina ta karye ta koma da tafin hannu. Kanwa kuwa in ta sami fatar da ta tsage, ci take yi. Na matsa kusa da ita na ce, "Inna, ku bari in ƙarasa nan." Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni na zuba." Na dubi bayan wuyanta, duk jijiyoyi, gumi yana bi, sai na ji fushina ya tafi gaba ɗaya, tausayinta da sonta suka cika ni. Na durƙusa a gefenta muka ci gaba.

Kafin magariba na je na kai wa maigida tuwo. Ta wata ƴar taga aka bar ni na miƙa. Bai tambayi jirgi ba, bai tambayi kumandan ba, cewa ya yi, "Ta ci abinci?" Na ce ba ta ci ba. Ya ce, "Kada ki yi mata faɗa. Ban taɓa gaya mata abin da fakon ke so ba, ta yaya zan gaya mata?" Ban ce masa ya makara da gargaɗin ba. Da na dawo, Inna tana wanke hannu da ruwan ɗumi tana cije leɓe. Ta dubi ƙwaryar da ke kaina ta ce, "Ta dawo da saura?" Na ce ya cinye. Ƙarya na yi mata, rabi ya ci.

Da asuba muka koma muka share abin da ya rage. Mai gyaran ya bi wurin taku taku yana buga dugadugan takalminsa, inda ya ji laushi ya nuna, mu sake bi. Rana tana fitowa iskar gabas ta taso mai sanyi. Aka turo jirgin can ƙarshen fako ta yamma, aka juya hancinsa gabas, iska tana dukansa a fuska. Inna ta kasa haƙuri. Ta jawo hannun rigar tafinta ta ce, "Ɗan nan, ba na so in sake yin karambani, amma matafiyi iska a baya yake so, ta tura shi. Ga shi kuma Damagaram yamma take." Tafinta ya tambaya ya dawo da amsa. Ya ce fiffike bai damu da ƙasa ba, iskar da ke bugunsa kawai ya sani. Wadda ke tahowa da kanta ta rage masa gudun da zai yi, kyauta ce. In ya hau sama sai ya juya ya kama hanyarsa. Inna ta ce, "To Allah ya ƙara iskar," ta koma gefe ta ɓoye hannuwanta cikin zane.

Suka shiga sauke kaya daga cikin jirgin, akwatunan ƙarfe, kujera, har isansin ma ba su zuba duka ba. Can matuƙin da mai gyaran suka yi ƴar jayayya, sai mai gyaran ya ɗauko jakarsa ya ajiye a ƙasa. Shi ma nauyi ne, zai zauna ya bi mota. Sannan aka kawo matar a kan gadon ɗauka. Sau ɗaya na taɓa hango ta daga nesa da lema, na ɗauka babbar mace ce. Ashe yarinya ce tsarata, ta rame ta yi rawaya, gashinta ya manne a goshi. Kumandan yana tafe yana riƙe da yatsunta. Na ji Inna tana cewa ƙasa ƙasa, "Allah sarki, ƴar mutane. Uwarta na can ba ta sani ba."

Mai gyaran ya kama katakon hancin ya fizga, ya sake fizga, inji ya yi tari ya kama. Ƙarar ta cika kunne, iskar da ya watso baya ta kwashe ɗankwalin wata maƙwabciyarmu ta yi daji da shi, ba wanda ya bi. Jirgin ya fara tafiya a hankali yana rangaji, har na ce a raina wannan ko jaki ya fi shi. Sai gudun ya ƙaru, wutsiya ta bar ƙasa. Ya iso inda muka share, ƙafafun suka ɗan tayar da farar ƙura, na ji Inna ta damƙi hannuna da hannun nan nata mai ciwo. Ya wuce. Goriba tana matsowa, shi yana ƙasa, tana matsowa, yana ƙasa. Mai gyaran yana gefenmu ya durƙusa yana dukan gwiwarsa yana magana shi kaɗai. Sai na ga haske tsakanin ƙafafun da fako. Ya ɗaga kaɗan kaɗan, kamar ba ya so, ya bi ta kan goribar har ganyenta ya kwanta, ya hau, ya karkata ya juya yamma. Gari ya ɗauki kabbara. Inna ta saki hannuna ta zauna a ƙasa daɓas.

Ba a saki maigida ranar ba. Tafinta ya ce sai an ji daga Damagaram. Kwanakin nan ba na son tuna su. Ina kai tuwo ina dawowa, duk sojan da ya gifta ta ƙofarmu sai in leƙa in ga ko mu yake nema. Hannuwan Inna kuma suka kumbura suka tsattsage, na shafa mata man shanu na naɗe da tsumma, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Ni nake ba ta fura a baki, tana sha tana mita wai na cika ruwa. Kullum in na shigo daga bariki ba ta tambaya, sai dai ta dubi fuskata ta kau da kai.

Ran nan da la'asar ina tsugune a ƙofar ɗakinta da ƙwarya da ludayi, sai na ji sallamarsa. An bugo waya, matar ta isa da rai, har ta fara shan ruwa. An sake shi, an kuma karɓe aikin fako an ba wani. Ya shigo yana ɗingishi, gemu ya fito masa, ya tsuguna daga nesa yadda ya saba ya gaishe ta. Ta juya fuska wajen bango ta amsa. Ni na rasa abin da zan yi, in tashi in tarbe shi ko in zauna, ga ludayi a hannuna cike.

Idonsa ya sauka kan tsummokaran da ke hannunta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya taso, abin da ban taɓa gani ba, ya zo har bakin tabarmarta ya zauna, ya karɓi ludayin daga hannuna ya kai bakinta. Ta ƙara juya kai. Bai janye ba, fura tana ɗiga a kan tabarma. Can ta buɗe baki ta sha. Ya sake ɗebowa, ta sake sha, hawaye yana bin kuncinta, har yanzu bango take kallo.

"Yarinya," in ji ta, "ki ce wa maigidanki ya rame."

"Yana jin ku, Inna."

"Na sani," ta ce, ta sake buɗe baki.